Kalmar Da Aka Soke: Karatu A Cikin Takardun Samuel Beckett

A watan Yulin 2013 aka yi gwanjon wasu littattafan rubutu guda shida a gidan gwanjo na Sotheby's da ke Landan. Irin littattafan nan ne na 'yan makaranta, babu wani ado a jikinsu. Jami'ar Reading ta Ingila ce ta saye su a kan fam 962,500, wato kaɗan ya rage kuɗin su cika miliyan ɗaya. A cikinsu ne Samuel Beckett ya rubuta ƙagaggen labarinsa mai suna Murphy da hannunsa, tsakanin 1935 da 1936.

Shi littafin Murphy an buga shi tun 1938, kuma duk mai so zai same shi a kanti da 'yan kuɗi kaɗan. To me jami'ar ta saya da wannan uban kuɗi? Labarin dai yana hannun kowa. Abin da ta saya shi ne abin da marubucin ya soke: mabuɗin labarin da ya rubuta ya kashe aƙalla sau takwas kafin ya zauna masa, da shafukan da ya ratsa da alƙalami, da 'yan zane-zanen da yake yi a gefe idan tunani ya tsaya masa, har da zanen James Joyce da na Charlie Chaplin.

Wannan ne ya jawo tambayar da muke so mu tauna tare da mai karatu. Idan marubuci ya soke kalma da hannunsa, ya bar ta a takarda, bayan ransa kuma aka ɗauki hoton takardar aka ɗora a intanet, wane matsayi kalmar take da shi? Tana cikin littafin ne ko tana waje? Muna da ikon ɗauko ta mu fassara littafin da ita?

Wane ne shi, kuma ina takardun suke?

An haifi Beckett a 1906 a gefen birnin Dublin na ƙasar Ireland, ya rasu a Faris a watan Disambar 1989. Ya yi rubutu da Turanci da Faransanci, kuma yawancin ayyukansa shi ya fassara su da kansa daga wannan harshe zuwa wancan. Ya samu kyautar Nobel ta adabi a 1969. Abin da ya fi fito da sunansa shi ne wasan kwaikwayon Waiting for Godot, wato Jiran Godot, wanda aka fara nunawa da Faransanci a Faris a watan Janairun 1953. Mutum biyu ne a bakin hanya kusa da wata bishiya, suna jiran wani mutum da ba ya zuwa. Su yi hira, su yi faɗa, su shirya, dare ya yi, gobe ma haka.

Takardunsa a warwatse suke. Wasu ya sayar ta hannun dillalai, wasu ya ba abokai kyauta, wasu ya aika wa jami'o'i. Rubutun hannu na Jiran Godot yana babban ɗakin karatu na ƙasar Faransa. Littattafan rubutu shida na labarin Watt, wanda ya rubuta a shekarun yaƙin duniya na biyu, suna cibiyar Harry Ransom a Jami'ar Texas ta Amurka. Wasu takardun suna kwalejin Trinity ta Dublin inda ya yi karatu. Taska mafi girma kuwa tana Reading, kuma ta samo asali ne daga wani baje koli da malami James Knowlson ya shirya a 1971. Daga nan Beckett ya riƙa aika musu da takardunsa har ƙarshen rayuwarsa.

A da, duk mai son bin sawun littafi ɗaya daga farko zuwa ƙarshe sai ya tanadi kuɗin jirgi tsakanin nahiyoyi biyu, domin daftarin farko yana iya zama a Texas, na uku a Ingila. A 2011 aka ƙaddamar da wani shiri na haɗa waɗannan takardu a intanet, ƙarƙashin jagorancin Dirk Van Hulle na Jami'ar Antwerp ta Beljiyam da Mark Nixon na Reading, tare da cibiyar Harry Ransom da amincewar magadan Beckett. Ana ɗaukar hoton kowane shafi, a ajiye kwafin da aka buga a gefensa, domin rubutun hannun Beckett yana da wuyar karantawa. Kowace kalmar da ya soke ana sa mata alamar da kwamfuta za ta gane, haka ma wadda ya ƙara a saman layi ko a gefe. Kowace jimla ana ba ta lamba, ta yadda mutum zai zaɓi jimla ɗaya ya ga duk kamannin da ta yi, a jere, daga littafin rubutu zuwa tafireta zuwa bugu.

Mu da sana'armu ita ce haɗa manhaja, wannan tsari ba baƙo ba ne a wurinmu. Kullum muna aiki da Git, manhajar da Linus Torvalds ya ƙirƙiro a 2005, wadda ke ajiye tarihin kowane canji da aka yi wa layukan umarnin kwamfuta. Ka buɗe ta, ta nuna maka layin da aka cire da ja, wanda aka ƙara da kore, da ranar da aka yi. Da muka fara duba takardun Beckett a wannan siga, sai muka ji kamar mun shiga gidanmu. Abu ɗaya ne ya ba mu mamaki: jan ya fi koren yawa nesa ba kusa ba.

Marubucin da ke ragewa

Beckett ya taɓa gaya wa Knowlson, wanda ya rubuta tarihin rayuwarsa da ya fito a 1996, cewa ya lura Joyce kullum ƙari yake yi a rubutunsa, shi kuwa ya gane hanyarsa ita ce ragewa. A samartakarsa ya zauna kusa da Joyce a Faris yana taya shi aiki, don haka ya san abin da yake faɗa. Takardun sun gaskata shi.

Ɗauki wasan Happy Days na 1961. Wata mata ce ƙasa ta binne ta har ƙugu a kashi na farko, har wuya a kashi na biyu, a ƙarƙashin rana mai ƙuna, tana ta surutu tana lissafa 'yan kayan da ke cikin jakarta. Mijinta yana bayan tudun, da kyar yake magana. Ba a gaya wa mai kallo abin da ya kawo ta nan ba, ko abin da ya faru da sauran duniya. Amma masanin nan S. E. Gontarski, da ya bi daftarorin wasan, ya nuna cewa a wani daftari na farko mijin yana karanta labarai daga jarida a kan rokoki da suka faɗa wa wurare suka hallaka jama'a. Beckett ya cire wannan duka. A gefen wani shafi ma ya rubuta wa kansa kalma ɗaya tak, umarni ne cewa a ƙara dusashe abin, kada ya fito fili.

Misali na biyu ya fi nauyi. An rubuta Jiran Godot tsakanin Oktoban 1948 da Janairun 1949. A rubutun hannun, ɗaya daga cikin masu jiran nan biyu, wanda duniya ta sani da Estragon, da farko sunansa Lévy, sunan da duk mutumin Faransa zai gane na Bayahude ne. Shekara uku ke nan kacal da ƙare yaƙin. Beckett kansa ya yi aiki da 'yan gwagwarmayar ɓoye a Faris lokacin mamayar Jamus. Da aka tona asirin ƙungiyarsu a 1942, shi da Suzanne, wadda daga baya ta zama matarsa, suka tsere zuwa ƙauyen Roussillon a kudancin Faransa, inda ya yi ƙodago a gona. Abokinsa Alfred Péron an kama shi, an kai shi sansanin Mauthausen, ya rasu a 1945 jim kaɗan bayan fitowarsa. A bugun Faransanci na wasan an ambaci Roussillon da sunan wani manomi da aka yi wa aikin tsinkar inabi. Da Beckett ya mayar da wasan Turanci, waɗannan sunaye biyu ba su biyo shi ba.

Jarabawar mai bincike

A nan ne jarabawa take. Mutum ya ga sunan Lévy a takarda, zuciyarsa ta buga, ya ce shi ke nan, na gano asirin. Ashe wasan a kan Yahudawa ne da 'yan gudun hijirar yaƙi. Ashe matar da ke binne a ƙasa, yaƙin nukiliya ne ya rage ta. Sai ya ɗauki kalmar da aka soke ya mayar da ita mabuɗi, ya ce da ita za a buɗe littafin.

Mu dai ba mu yarda da wannan karatu ba, kuma sana'armu ce ta fara koya mana dalili. Duk wanda ya daɗe yana haɗa manhaja ya taɓa haɗuwa da sabon ma'aikaci mai zafin nama, wanda zai tono tarihin aiki, ya ga wani layi da aka cire shekara biyu baya, ya ɗauka kuskure ne, ya mayar da shi. Washegari matsalar da aka yi makonni ana farauta ta dawo. Layin da aka cire yana nan a tarihi, ana iya karanta shi, amma ba ya aiki a cikin manhajar da ke hannun jama'a, kuma cire shi ɗin aiki ne da wani ya yi da gangan. Tarihi yana gaya maka abin da ya canza da ranar da ya canza. Dalili kuwa sai idan mai aikin ya ga dama ya rubuta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Haka takardar marubuci take. A shafin akwai abu biyu da alƙalami ɗaya ya yi: akwai sunan Lévy, akwai kuma canza shi. Wanda ya karanta na farko ya tsallake na biyu, rabin shafin ya karanta. Kuma na biyun ne hukuncin da marubucin ya tsaya a kai.

Tarihin wasan ya nuna abin da wannan hukunci ya haifar. A 1957 an nuna Jiran Godot ga fursunonin gidan yarin San Quentin a Amurka, kuma sun fahimce shi. A 1980 John Kani da Winston Ntshona sun fito a cikinsa a Cape Town, a tsakiyar mulkin wariyar launin fata. A 1993 Susan Sontag ta shirya shi a Sarajevo lokacin da aka yi wa birnin ƙawanya. A 2007 an yi shi a fili a unguwannin New Orleans da ambaliyar guguwar Katrina ta rusa. Kowane taro daga cikin waɗannan ya ga kansa a bakin hanyar nan. Da an bar suna da gari da shekara, da masu kallo sun tausaya wa wasu mutane na wani zamani su tashi. Da aka cire, sai kujerar ta zama babu kowa a kai, duk wanda ya taɓa zaman jiran albashi, ko sakamakon asibiti, ko dawowar ɗan'uwan da aka tafi da shi, yana iya zama.

To me amfanin taskar?

Mai karatu zai iya cewa, in haka ne, a rufe akwatunan mana, a bar mu da littafin da aka buga. Nan ma ba mu yarda ba, saboda dalilai uku.

Na farko, takardun suna kashe wani zargi da aka daɗe ana yi wa irin wannan rubutu, cewa babu komai a cikinsa don marubucin ba shi da abin faɗa. Wanda ya ga sunan Lévy ya san ruwa ba ya tsami banza. Mutumin da ya rasa abokai a yaƙi, ya kwana a ɓoye, yana da labarin da zai cika littattafai, amma ya zaɓi ya danne shi. Sanin wannan ba ya ba mu amsar wane ne Godot. Abin da yake ba mu shi ne nauyin shirun da ke cikin wasan. Akwai bambanci tsakanin ɗakin da ba a taɓa sa kaya a ciki ba da ɗakin da aka kwashe kayansa, ko da ido yana ganin su iri ɗaya.

Na biyu, Beckett da kansa ya ajiye takardun. Yana rubuta kwanan wata da wurin da yake a kan littattafan rubutunsa, kuma da hannunsa ya miƙa su. A ƙarshen labarin Watt ma ya liƙa ragowar guntayen da bai shigar cikin labarin ba, ya buga su haka nan. Mutumin da ke tsoron a ga tarkacensa ba ya yin haka. Ya kuma rubuta wasa guda a kan wannan batu, Krapp's Last Tape na 1958. Wani tsoho ne mai shekara 69 da ya saba naɗar muryarsa duk ranar zagayowar haihuwarsa. Ya ɗauko faifan da ya naɗa yana da shekara 39 ya saurara. Ya ji wata kalma da ya yi amfani da ita a da, sai da ya buɗe ƙamus kafin ya tuna ma'anarta. Da muryar ta fara bayanin babban wahayin da ta ce ta samu game da aikinta, tsohon ya fusata ya tura faifan gaba, ya koma yana maimaita wurin da ake maganar wata mata a cikin kwalekwale. Ga mai taska da taskarsa a ɗaki ɗaya, mutum ɗaya ne, amma ba su fahimci juna ba. Idan haka ta faru tsakanin mutum da muryarsa, ya kamata mu da muke leƙen takardun wani mu rage ƙarfin baki.

Na uku, taskar tana nuna cewa bugu ma ba shi ne ƙarshen magana ba. A 1975 Beckett ya ba da umarnin Jiran Godot da kansa a gidan wasan Schiller na Berlin. Ya cika littattafan rubutu da tsarin motsin 'yan wasa, ya yanke wasu maganganu, ya gyara wasu, fiye da shekara ashirin bayan fitowar littafin. An buga waɗannan littattafan aikin dandamali bayan rasuwarsa. Don haka idan darakta ya ce zai bi abin da Beckett ya rubuta sau da ƙafa, dole a tambaye shi: na wace shekara, kuma da wane harshe? Wannan tambaya tana da tasiri a aikace, domin an san Beckett da magadansa da tsanani a kan bin umarnin dandamali. A 1994 magadan sun hana wani shiri na wasan Footfalls da Deborah Warner ta yi a Landan ci gaba zuwa wasu wurare saboda ta kauce wa rubutaccen umarni. Taskar ba ta ce kowa ya yi abin da ya ga dama ba, amma tana tuna wa masu gadin cewa mai kayan kansa bai daina taɓa su ba.

Ajiya daban, bugu daban

Akwai iyakar da muke ganin ya kamata a tsaya a kanta, kuma labarin wasan Eleutheria ne ya fi fito da ita. Beckett ya rubuta shi da Faransanci a 1947, kafin Godot. Wasa ne mai mutane da yawa da ɗakuna da iyali, irin abin da daga baya ya bari. Har ya rasu bai yarda a buga shi ba. A 1995 tsohon mai buga littattafansa a Amurka, Barney Rosset, ya dage sai ya fitar da fassarar Turanci. Jérôme Lindon na maɗaba'ar Minuit, wanda Beckett ya bar wa amanar ayyukansa, ya yi adawa, amma da ya ga ba makawa sai ya buga asalin Faransancin, ya rubuta gabatarwa yana bayyana cewa ba da son ransa ba ne.

A ganinmu Lindon ne ke da gaskiya tun farko. Takarda a cikin akwatin ɗakin karatu, ko hotonta a intanet da duk soke-sokenta, tana gaya wa mai dubawa matsayinta: ni aiki ne da ba a gama ba. Idan aka wanke ta, aka sa mata bango da farashi, aka jera ta a kanta ɗaya da Godot, an cire mata wannan shaida. A sana'armu babu wanda zai hana ka karanta reshen aikin da aka yi watsi da shi, amma ɗaukar sa ka tura wa jama'a da sunan mai shi, bayan ya ce a'a, cin amana ne. Wannan shi ya sa muke ganin shirin Antwerp da Reading ya fi bugun 1995 mutunta marubucin, duk da cewa ya fi shi tona ciki. Yana nuna kalmar, yana kuma nuna layin da ya ratsa ta.

Abin da ya shafe mu

Beckett ya yi aiki da alƙalami da tafireta, kayan da ba su iya ɓoye gyara. Yawancinmu masu rubutu a yau a waya muke yi, mu tura babi a WhatsApp ko Facebook ko Wattpad. Idan muka goge kalma, ta tafi ke nan, babu tabo. Idan wayar ta faɗa ruwa ko aka sace ta, daftari da gyara da komai sun bi ta. Marubucin da ya yi shekara goma yana wahala a kan salonsa zai iya wayar gari ba shi da shafi ɗaya da zai nuna yadda ya faro, ko don ɗalibai, ko don kansa.

Maganin ba shi da tsada. Kafin babban gyara, a ajiye kwafin tsohon da kwanan wata a jikin sunansa, a tura wa kai ta imel. Wanda ke rubutu a littafi ya soke da layi ɗaya yadda za a iya karanta abin da ke ƙasa, kada ya yage shafin. Wanda kuma yake da abin da ba ya so a buga bayan ransa, ya rubuta hakan ƙarara ya gaya wa iyalinsa, domin ko Beckett da ya faɗa sai da aka saɓa masa.

Mu masu karatu da sharhi kuma namu aikin shi ne ladabi. Duk ranar da takardun wani marubuci suka zo hannunmu, mu karanta abin da ya soke don mu san abin da ya sadaukar, sannan mu koma ga abin da ya bari, don a kansa ya sa sunansa.